Tsohon Injin V6 Ya Daina Ja? Kafin Ka Sayi "Cip", Tambayi Motar Da Wayarka

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motoci masu injin V6 suka zama marayu a wajen dillalai. Kowa mai fulogi huɗu yake nema. Hakan ya sa matasa da dama suka samu tsohuwar Camry V6, ko Sienna, ko Avalon, ko Lexus RX300 a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, wasu kuma ta Baba ce aka bar musu. Sai dai ƙorafin ɗaya ne a bakin kusan kowa: motar tana shan mai irin na V6, amma in ka take totur sai ta riƙa nishi kamar an ɗaura mata tirela. Daga nan sai a shiga YouTube da TikTok a fara neman yadda za a ƙara mata ƙarfi.

Ga abin da nake so ka riƙe kafin ka kashe ko sisi. Injin da ya haura shekara ashirin, ba ƙarin ƙarfi ne buƙatarsa ta farko ba. Ƙarfin da aka ƙera shi da shi ne ya zurare kaɗan-kaɗan, kuma kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ta san mafi yawan wuraren da ya zurare. Wayar da ke hannunka ta isa ka tambaye ta.

Zan yi misali da injin Toyota mai suna 1MZ-FE, domin shi ne V6 ɗin da ya fi yawa a tsofaffin motocin da ke kan titunanmu. Lita 3.0 ne, na alminiyam, ya fito a 1993. A Camry ta 1997 zuwa 2001 yana ba da ƙarfin doki 194, a RX300 kuwa, inda aka ƙara masa tsarin VVT-i, yana kai 220. Mai Honda Accord V6 ko Marsandi ma zai ƙaru, don hanyar binciken ɗaya ce, lambobi da wuraren kaya ne suke bambanta.

Kayan aikin

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai fil 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiranta OBD2. Motocin fetur na Turai sun bi sahu daga 2001. A nan za ka soka wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba. Kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayon China ne, kuma a cikinsu masu rubutun v1.5 sun fi masu rubutun v2.1 iya magana da tsofaffin motoci, duk da cewa lambar tana nuna kamar ta biyun ce sabuwa. Idan iPhone gare ka, nemi mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE, don ta gama-gari ba za ta haɗu ba. Manhaja kuwa, Torque tana Android, Car Scanner tana ɓangarorin biyu.

Ka yi haƙuri da saurinta. Tsofaffin Toyota suna magana ta layi mai nawa, ba CAN irin na motocin 2008 zuwa sama ba, saboda haka in ka jera ma'aunai goma a fuskar waya, kowanne zai riƙa jan ƙafa. Zaɓi uku ko huɗu a lokaci guda.

Gwajin farko ma ba ya buƙatar waya. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka duba dashbod. Dole fitilar cek injin ta kama. In ba ta kama ba, to wani ya cire ƙwan ko ya liƙe ta don a sayar da motar cikin rufin asiri. Kwamfutar dai ba ta manta ba, lambobin suna nan a ajiye.

Lambobi biyu da suke cin ƙarfi fiye da kowanne

In ka ga P0325 ko P0330, ka samo ɓarawon. Injin V yana da layin silinda biyu, kowanne da na'urar da ke sauraren ƙwanƙwasa, wato ƙarar da ke fita in mai ya kama wuta ba a kan lokacinsa ba. Da wannan kunnen ne kwamfuta take samun ƙarfin halin kunna fulogi da wuri, kuma kunnawa da wuri ita ce ke ba da ƙarfi. Ranar da kunnen ya mutu, kwamfuta ba za ta yi caca da fistin ba. Sai ta ja lokacin kunna wuta baya, motar ta yi sanyi, ta ƙara shan mai, kuma a wannan injin sai ta hana giya shiga ta ƙarshe. Mutane da yawa an sauke musu giyabos a kan wannan matsalar, alhali lafiyarsa ƙalau.

Na'urorin biyu suna kwance ne a kwarin da ke tsakiyar V ɗin, ƙarƙashin bututun shigar iska, wuri mai tsananin zafi a injin. Sau da yawa ma ba su ne suka mutu ba, 'yar gajeriyar wayar da ta haɗa su ce ta gasu ta farfashe. In za a buɗe, a canja su tare da wayar, da tiyon ruwan da ya bi ta wurin, don kada ka biya kuɗin aiki sau biyu. Kuma a nan kada ka yi rowa: sabuwa mai arha marar suna takan dawo da lambar cikin 'yan makonni. Gara asalin Denso, ko da ta Beljiyam ce daga Ƙofar Ruwa ko Panteka. Akwai dabarar da wasu masu waya ke yi, su haɗa na'ura ɗaya mai rai ta riƙa ciyar da layukan biyu. Fitila za ta mutu, giya za ta dawo, amma silinda uku sun zama ba mai sauraronsu sosai. Ga mai sayen mai a galan a bakin titi, ban ga hikimar hakan ba.

Abin da LTFT ke faɗa maka

Buɗe ma'aunai biyu masu suna LTFT 1 da LTFT 2. Su ne suke nuna kashi nawa kwamfuta take ƙarawa ko ragewa a kan man da lissafinta ya ce a zuba, kowane layin silinda da nasa. Tsakanin -5 da +5 lafiya ce. Ya haura +10, akwai magana, in ya yi nisa kuma sai P0171 ko P0174 su fito.

Daɗin injin V shi ne kana da layi biyu da za ka kwatanta, kamar mai gwada manhaja a waya biyu. In duka biyun sun hau tare, matsalar tana wurin da suka yi tarayya: na'urar auna iska, famfon mai, ko tsagewar babban tiyon iska. In ɗaya ne kawai ya hau, to ka nemi laifin a wannan ɓangaren: gasket, nozul, ko na'urar da ke salansar layin. Sannan ka duba lokacin da abin yake faruwa. Lamba ta yi sama a silo, ta sauko da ka ɗaga injin zuwa 2,500, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya. Ta zauna lafiya a silo, ta hau in kana jan mota, ka zargi na'urar auna iska ko famfon mai da ya gaji.

Na'urar auna iskar, MAF a manhaja, siririyar waya ce mai zafi da ke bayan iyakilina. Ƙurar hunturu tana lulluɓe ta, sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga, kwamfuta kuma ta rage mai daidai da ƙaryar da aka yi mata. Sukurori biyu ne ke riƙe da ita. A fesa mata maganin wanke MAF ko na wanke kayan lantarki, a bar ta ta bushe. Kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma, kada a wanke da fetur, kada a hura mata iskar falkinaiza.

Wannan ma'aunin kuma shi ne zai ba ka kimanta ƙarfin injinka kyauta. Masu gyaran injin suna da wani lissafi na kusa-kusa: giram nawa na iska injin ya zuƙa a daƙiƙa ɗaya lokacin da aka take totur har ƙasa, a ninka da 1.25, ya ba ka ƙarfin doki. Ke nan injin mai doki 194 ya kamata ya kusanci giram 155 in allura ta kusa jan layi. Ka ga 115, ka san ko dai iska ba ta shiga, ko ba ta fita, ko na'urar tana ƙarya. A silo kuma, injin lita uku da ya yi zafi yakan zauna wajen giram 3 zuwa 4 da 'yan kai. Ka bar wa yanayi nasa kason: alƙaluman kamfani a zafin digiri 25 ake daidaita su, iskar Kano ta watan Afrilu mai digiri 40 kuwa ta fi ta rashin nauyi da kusan kashi 5 cikin 100. Wanda ke Jos, a tsayin mita 1,200 da wani abu, zai ga ƙasa da haka ba tare da injinsa ya yi laifin komai ba.

Yi gwajin a titin da babu jama'a, a ƙaramar giya don kada gudun ya wuce ka'ida, kuma wani ne zai riƙe wayar. Ka ajiye lambobin. Duk gyaran da aka yi, ka koma titin nan a irin wannan lokacin ka sake aunawa. Kunne da zuciya suna ruɗin mutum, musamman bayan ya biya kuɗi.

Abubuwan da aka cire da sunan taimako

Kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Na 1MZ-FE yana buɗewa ne a digiri 82, domin a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. Duba ECT a manhaja bayan tafiyar minti ashirin. In yana yawo a 60 ko 65, kwamfuta tana ɗaukar injin bai gama ɗumi ba, tana ta ƙara mai. Ragowar man yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana baƙanta fulogi, yana kashe abin tace hayaƙi. Motar da take zafi, lagireto ne ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfi. Cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai.

Sai indomi, wato abin tace hayaƙin da ke cikin salansa. Za ka ji ana cewa a fasa shi mota ta samu numfashi. Ka tuna akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu saye, saboda haka ba kowace shawara ce don Allah ba. Mai lafiya kaɗan yake tare wa injin da ba a taɓa ba. Wanda ya narke ya toshe kam yana shaƙe mota, kuma za ka gane shi: mota tana tashi lafiya, amma ta ƙi wuce wani gudu, lambar MAF kuma ta tsaya cak tun allura ba ta yi nisa ba. Wannan a canja shi, a kuma gano abin da ya narkar da shi, galibi fulogi ko kwayil da ke fashin wuta.

Wani kuskuren da ke yawan faruwa a RX300 da sauran masu VVT-i: na'urar da ke gaban indomi ba irin ta gama-gari ba ce, ta auna haɗin iska da mai ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko da kamanninsu ɗaya. In aka ɗaura ta gama-gari a gurbinta, lambobi irin P1130, P1135, P1150 da P1155 ba za su bar ka ba, kuma kwamfuta za ta riƙa zuba mai da ka.

Fulogi ukun baya

A motocin da injin ke kwance a gicciye, silinda 1, 3 da 5 suna baya, jikin bangon da ya raba injin da cikin mota, kuma bututun iska ya rufe su. Ba abin mamaki ba ne ka biya kuɗin fulogi shida a canja uku na gaba kawai. Ka tsaya a wurin, ko ka ce a ba ka tsofaffin guda shida a hannu. Camry ta 1997 zuwa 2001 tana amfani da fulogi mai ƙafa biyu na filatinam, masu VVT-i kuma na iridiyam. Jabunsu sun cika kasuwa, kwali mai kyau, ciki ba komai.

Tunda an buɗe wurin, a duba wani ƙaramin abu da ake mantawa da shi. A cikin bututun iskar akwai bawul da Toyota ke kira ACIS, wanda yake canja tsawon hanyar da iska ke bi gwargwadon juyin injin, don a samu ja a ƙasa da kuma a sama. Siririn tiyo ne yake motsa shi. In tiyon ya tsage ko an manta ba a mayar ba, ba lalle fitila ta kama ba, sai dai ka ji motar ta yi lami a tsakiya.

Wannan injin kuma ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai in ana jinkirin juye, har sai da maganar ta kai Toyota kotu a Amurka aka yi sulhu a 2007. A masu VVT-i, dattin yana toshe 'yar rariya da bawul ɗin da ke tura mai ga tsarin, sai P1349 ko P1354 su bayyana, ƙarfin da VVT-i ya ƙara ya tafi. Wanke rariyar ba wani kuɗi ba ne. Mai kuma a riƙa zuba 5W-30 da littafin motar ya ce, a daina mai kaurin nan sai in injin ya riga ya gaji.

Yaya za ka san ya gaji? Gwajin matsi. Littafin gyara ya ba da 218 psi ga lafiyayye, 145 mafi ƙaranci, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 15. In ka faɗi wannan jarrabawar, ajiye maganar ƙarin ƙarfi, ringi ko bawul ne a gabanka.

To, batun cip

Ga wanda yake rubuta manhaja, wannan ne ɓangaren da ya fi ban dariya. Akwai wani ɗan akwati, ja ko ruwan ɗorawa, da ake sayarwa a intanet da suna Nitro OBD2, wai ka soka a kafar OBD2 ya ƙara ƙarfi da kashi 35 cikin 100. A 2017 masu binciken tsaro na kamfanin Quarkslab da ke Faransa suka farke shi suka bi layukansa. Abin da suka tarar shi ne ba ya aika wa motar saƙon komai, fitilu kawai yake ƙyaftawa don ka ga kamar yana aiki. Ɗan uwansa shi ne wanda ake haɗawa da wayar na'urar auna zafin iska. Resisto ne guda ɗaya a cikin roba, yana yi wa kwamfuta ƙaryar cewa iska ta yi sanyi. Ɗan man da ta ƙara saboda ƙaryar, na'urar salansa za ta gani ta sa a janye shi.

Gyaran manhajar kwamfuta na gaskiya yana nan, amma inda yake ba da riba sosai shi ne injin mai turbo, don a can umarni ɗaya yana ƙara iskar da ake turawa. Injin da yake zuƙar iska da kansa ba shi da wannan ƙofar, kuma kwamfutocin Denso na wancan zamanin ba a yi su don a sake rubuta su ta OBD2 ba. Mai son shiga ciki sosai sai ya sa wata kwamfutar daban. Speeduino ita ce ta fi jan hankalin irinmu: buɗaɗɗiyar manhaja ce da wani ɗan Ostireliya, Josh Stewart, ya fara, tana gudana a kan Arduino Mega 2560, ana daidaita ta da TunerStudio. Makaranta ce mai daɗi. Sai dai a Camry mai giya otomatik, kwamfutar injin ce take sarrafa giyar ma, don haka ba cirewa za ka yi ka maye gurbi ba, kuma kuskure ɗaya a jadawalin kunna wuta yana iya huda fistin. A kan motar da kake zuwa aiki da ita, ban ba ka shawara ba.

Matatar iska mai siffar mazurari, wadda ake cire akwatin iyakilina a ɗaura, ƙara take sayar maka. Akwatin asali daga waje yake jawo iska. Mazurarin kuwa yana zaune a cikin bonet yana shan iskar da lagireto ya riga ya dafa. In waje yana 40, cikin bonet yana 60, ka yi asarar kusan kashi 6 cikin 100 na nauyin iska, ga man da ake shafa wa matatar yana ɓata MAF, ga ƙura tana wucewa. Duba IAT a manhaja kafin da bayan ɗaurawa, za ka gani da idonka. Buɗaɗɗiyar salansa ma haka, maƙwabta ne za su fi jin bambancin.

Akwai ƙarfin da ake samu ba tare da an taɓa injin ba. Rim mai inci 20 a motar da ta zo da 15 ko 16 nauyi ne da injin zai riƙa juyawa a kowane tashi. Birki da ke kamawa, taya marar isasshiyar iska, da tarkacen da ya shekara a but, duk suna ci. Man giya ma a kula: tsohuwar Camry Dexron III take sha, RX300 kuma Type T-IV, kuma zuba wanda ba shi ba yana sa giya ta riƙa sulɓewa, ƙarfin ya ƙare a zafi bai kai taya ba.

In ka gama duk wannan kana son ƙari

Toyota da kanta, ta hannun sashenta na TRD, ta taɓa sayar da na'urar tura iska ga wannan injin a Camry da Solara da Sienna, wadda ta kai shi wajen doki 242. An daɗe da daina yin ta, kuma wadda ta rage a hannun mutane a Amurka, kafin ka saya ka yi jigila ka biya kwastan, kuɗin ya kusa na motar. Wasu suna ɗaura 3MZ-FE, ƙanensa mai lita 3.3, wanda ya fi shi ja a ƙasa. Zama yana zama, amma aikin waya da kwamfuta da makullin tsaro ne yake kayar da mutane, kuma mai wayar da zai yi shi tsaf ba a kowane gareji yake ba.

In ka lissafa kuɗin injin, da kwamfuta, da aikin waya, da birki da shokozoba da dole ka gyara don su ɗauki sabon gudun, sau da yawa ya fi sauƙi ka sayar da motar tana cikin lafiyarta, ka cika ka sayi Camry V6 ta 2007 zuwa 2011. Injinta 2GR-FE ne, lita 3.5, doki 268, da giya shida, kuma sarƙa gare shi a maimakon bel. Ita ma ranar da za ka je dubawa, ka tafi da ELM327 ɗinka a aljihu, ka duba ko an goge lambobi kwanan nan: in manhaja ta nuna gwaje-gwajen kwamfutar da yawa ba su kammala ba, to ba a daɗe da share ta ko cire batir ba.